BABI NA TAKWAS: HAUSA A FAGEN FASAHA: SHIMFIƊA BUTUTU DA SARRAFA GUDUN RUWA

1.0 Gabatarwa

A babukan da suka gabata an yi bayani a kan ma'anar keɓaɓɓun kalmomi da hanyoyin da harshe yake bi wajen samar da su. A wannan babi za a ɗauki fage ɗaya a gwada waɗancan hanyoyi a aikace. Fagen shi ne aikin bututu da sarrafa gudun ruwa, musamman idan aka zo ɗora sabon aiki a kan tsohon shiri, kamar a sa sabuwar tukunyar ɗumama ruwa a gidan da aka daɗe da shimfiɗa wa bututu.

An zaɓi wannan fage ne saboda dalilai biyu. Na farko, malamin Hausa a ƙauye ko a birni ba ya rasa mai kawo masa takardar umurni ko ta faɗakarwa don ya fassara, ko ɗalibin da zai tambaye shi sunan wani abu da ya gani a darasin kimiyya. Na biyu, kuskuren kalma a wannan fage ba ya tsayawa a kan takarda. Yana iya jawo ƙuna, ko fashewar tukunya, ko bushewar gona. Don haka darasin da babin ya ƙunsa shi ne, ba a raɗa wa abu suna sai an san aikinsa.

1.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bambanta matsi da gudu da kwarara;
(b) bayyana da Hausa abin da ke faruwa idan aka haɗa sabuwar tukunya da tsohon bututu;
(c) nuna hanyoyin da Hausa ta bi ta sami kalmomin wannan fage;
(d) auna sabuwar kalma kafin ya koyar da ita.

2.0 Kalmomi Uku da Ake Rikitawa

A maganar yau da kullum akan ce "ruwan ba shi da ƙarfi". Wannan jimla ta wadatar a tsakar gida, amma ga mai fassara ta dunƙule abubuwa uku da ya wajaba a raba.

Matsi shi ne turin da ruwa yake yi wa bangon bututu, ko yana tafiya ko yana tsaye. A gidan da ruwa yake saukowa daga tanki, tsayin tankin ne yake haifar da matsi, girmansa kuwa ba ya ƙara komai. Tanki mai cin lita 500 da mai cin lita 2,000, muddin saman ruwansu yana tsayi ɗaya, matsinsu ɗaya ne. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba da matsi kimanin ba 1, wato ma'aunin da akan gani a jikin agogon matsi. Tankin da ke mita 5 sama da kan famfo rabin haka zai bayar.

Gudu shi ne saurin tafiyar ruwa a cikin bututu, ana auna shi da mita a daƙiƙa. Kwarara kuwa ita ce yawan ruwan da ya wuce a wani lokaci, ana auna ta da lita a minti. Yaron da ya danne bakin tiyo da babban yatsa ya ƙara wa ruwa gudu, har ya yi tsartuwa mai nisa, amma bokitinsa ba zai riga na wanda bai danne ba cika. Gudu ya ƙaru, kwarara ta ragu.

Abubuwa biyu suke rage kwarara. Na farko ƙuncin bututu. Bakin bututu mai inci ɗaya ya ninka na mai rabin inci sau huɗu a fili, ko da yake sau biyu kawai ya ninka shi a faɗi. Na biyu gogayya, wato jan da bangon bututu yake yi wa ruwa. Tsawon bututu da yawan lanƙwasa da tsatsa duk suna ƙara gogayya. Daga nan aka sami ƙa'idar da duk aikin ya dogara a kanta: ruwa yakan fi bin hanyar da ta fi sauƙi. Idan ana so ya kai nesa, sai an rage wa na kusa.

3.0 Sabuwar Tukunya a Tsohon Gida

3.1 A Ƙasashe Masu Sanyi

Yawancin takardun da suke zuwa da kayan ɗumama ruwa an rubuta su ne a ƙasashe masu sanyi, saboda haka ya kamata mai fassara ya san tsarin da marubutansu suke nufi. A Ingila da Jamus da makamantansu ana ɗumama ɗakuna da ruwan zafi. Tukunya tana ɗumama ruwan, famfo yana tura shi ta bututun zuwa, ya ratsa wasu faffaɗan ƙarafa da ke jikin bangon kowane ɗaki, ya saki zafinsa, sannan ya koma tukunya ta bututun dawowa. Zafin da ɗaki zai samu ya danganta da yawan ruwan da ya ratsa ƙarfen da kuma bambancin zafi tsakanin ruwan zuwa da na dawowa.

Tun daga shekarar 2005 dokar gini a Ingila ta tanadi cewa sabuwar tukunyar gas da za a sa a gida ta kasance irin wadda take tatsar zafi daga tururin da ke cikin hayaƙinta. Irin wannan tukunya ba ta yin aikin tatsar sai ruwan dawowa ya sauko ƙasa da digiri 55 a ma'aunin Salshiyas, ko kusa da haka. To, idan aka ɗaura ta a kan tsohon bututu ba tare da an daidaita kwarara ba, ruwa zai riƙa zagayawa ta ɗakunan da suke kusa, ya dawo da zafinsa. Ɗakunan nesa su zauna da sanyi, tukunyar kuma ta kasa yin abin da aka saye ta dominsa. Shi ya sa ma'aikacin da ya ƙware yake fara wanke tsohon bututu daga laka da tsatsa, sannan ya bi ɗaki ɗaki yana ɗan matse bawul ɗin na kusa, yana sakin na nesa, har kowa ya sami rabonsa.

3.2 A Gidan Bahaushe

A ƙasar Hausa ba a ɗumama ɗaki da bututu. Garwashi a kasko da bargo sun wadatar a hunturu. Amma ɗumama ruwan wanka da hita ta lantarki ko ta hasken rana ya fara yawaita, kuma matsalolin iri ɗaya ne. A ɗauki misalin wani gida a Jangebe, cikin Ƙaramar Hukumar Talata Mafara, mai rijiyar burtsatse da tanki a kan ƙarfe, wanda aka yi wa bututun ruwan sanyi shekaru da dama da suka wuce. Sanyin Disamba ya kama, maigida ya sayo hita mai tanki. Ga abubuwan da za a duba:

(i) Irin bututu. Farin bututun roba da ake jan ruwan sanyi da shi yakan yi laushi idan zafi ya wuce digiri 60. Layin ruwan zafi yana buƙatar bututun da aka yi domin zafi, kamar koren bututun nan da ake haɗawa da narkarwa, ko na jan ƙarfe. Tsohon bututun ƙarfe kuwa yakan tara tsatsa a ciki har hanyarsa ta ƙuntata, ko da bayansa yana da kyau.

(ii) Tsayi. Dole tankin ruwan sanyi ya fi hitar tsayi, in ba haka ba ruwa ba zai cika ta ba. A hitar hasken rana kuma tankin ruwan zafi yakan zauna sama da faifan da ke shan rana, domin ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, da kansa yake hawa.

(iii) Iska. Idan bututu ya hau ya sauka, iska takan maƙale a tudun, ta tsai da ruwa cak alhali tanki yana cike.

(iv) Kumbura. Ruwa yana ƙara girma idan ya yi zafi, kimanin kashi 4 cikin 100 daga sanyi zuwa kusa da tafasa. Idan ya zama tururi yakan ninka girmansa fiye da sau 1,600. Ruwan da aka rufe a tukunya ba mafita, matsinsa zai yi ta hawa har wani wuri ya fashe.

Saboda wannan abu na huɗu ake sa wa kowace hita wani ɗan bawul da yake buɗewa da kansa idan matsi ya yi yawa, ya zubar da ruwa kaɗan. Marubucin wannan babi ya taɓa isa wani gida inda aka ga wannan bawul yana ɗiga, aka ce "yoyo yake yi", aka kira mai gyara ya toshe shi. Allah ya kiyaye aka cire toshiyar kafin wani abu ya auku. Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne, kalmar yoyo ce ta jawo toshewar. Yoyo aibi ne, duk wanda ya ji an ce abu yana yoyo gyara zai nema. Da an san cewa bawul ɗin fitar da matsi yake yi, ba wanda zai taɓa shi.

4.0 Bakolori: Ƙa'ida Ɗaya a Babban Fili

Ƙa'idojin da aka gani a cikin gida su ne suke aiki a gona, sai dai girma ya bambanta. Ɗaliban da suka fito daga Talata Mafara da Bakura da Maradun suna da misali a ƙofar gidansu, wato Madatsar Ruwa ta Bakolori da ke kan Gulbin Sakkwato. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya gina ta, an fara aikin a 1974, an kammala madatsar a 1978. An tsara ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 450. Aikin ya raba manoma da yawa da gonakinsu, rikicin diyya kuma ya kai ga asarar rayuka a watan Afrilun 1980, lokacin da 'yan sanda suka afka wa masu zanga-zanga.

Da aka gama shimfiɗa hanyoyin ruwa a 1983, filin noman ya kai hekta 23,000. An tsara shayar da hekta 15,000 ta hanyar feshi, sauran 8,000 kuma ta hanyar gangara. Bambancin waɗannan hanyoyi biyu shi ne bambancin matsi da kwarara. Feshi yana buƙatar matsi mai yawa, matsin kuma sai da injinan famfo da wutar lantarki da kayan gyara. Gangara ba ta buƙatar komai sai a ce bakin hanya ya fi ƙarshenta tudu. Zuwa farkon shekarun 2000 ɓangaren feshi ya daina aiki, noma ya koma ɓangaren gangara. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen shirin TRIMING na gyara manyan filayen ban ruwa a arewacin Nijeriya, Bakolori na cikinsu, kuma aikin ya haɗa da mayar da wani ɓangare na filin feshi zuwa gangara.

Wannan ma ɗora sabon aiki ne a kan tsohon shiri. Filin da aka tsara don feshi ba lallai ne a ce an baje shi ba, domin yayyafi daga sama bai damu da tudu da kwari ba. Kafin ruwa ya gangara a cikinsa sai an daidaita ƙasa, an haƙa hanyoyi, an sa ƙofofi. Matsalar ɗakin kusa da na nesa ita ma tana nan: manomin da ke bakin hanya yana iya cika fangalinsa har ya malala, na ƙarshen hanya shinkafarsa tana yaushi. Maganin shi ne ƙofofin da ake ɗagawa ana saukewa da ma'auni, da rabon kwanaki tsakanin manoma. A nan ma harshe ya shigo. Idan takardar ƙungiyar masu amfani da ruwa ta ce "a buɗe ƙofa" a inda ake nufin "a ɗaga ƙofa zuwa alama ta biyu", to fassara ta cinye rabon na ƙarshe.

5.0 Hanyoyin Samar da Kalmomi

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai injin ban ruwa ya san haka a zahiri, domin injin ba ya jan ruwa sai an fara zuba masa. Haka mai fassara, da kalmomin da harshe yake da su zai fara.

5.1 Kalmomin Gado

Hausawa sun daɗe suna noman rani a fadama kafin zuwan inji, saboda haka akwai jigo da guga da fangali da indararo da bututu. Aikatau na motsin ruwa ma suna da yawa, kowanne da gurbinsa: ɗiga (ɗaya bayan ɗaya), tsiyaya (siriri ba yankewa), zurara (bin jikin abu), kwarara (da yawa ta hanya), malala (bazuwa a fili), tsartuwa (fita da ƙarfi ta ƙaramar kafa), ɓuɓɓuga (fitowa daga ƙasa). Mai fassarar da ya tattara waɗannan duka ya ce "zuba" ya yi wa harshen asara. Ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 wurare ne da ya kamata a fara dubawa.

5.2 Aro

Kayan da suka zo daga waje sukan zo da sunayensu, Hausa kuma ta daidaita su da tsarin sautinta. A kalmar famfo, sautin /p/ na Ingilishi ya koma /f/, kuma an ƙara wasali a ƙarshe. A kalmar bawul, /v/ ya koma /b/. A kalmar tanki an ƙara wasalin /i/. Tiyo daga Faransanci ta shigo. Sai dai aro yana da tarko. Famfo a Hausa tana nufin injin da ke tura ruwa, tana nufin kan da ake murɗawa, tana kuma nufin ruwan gari baki ɗaya, kamar a "famfo bai zo ba". A rubutun fasaha dole a fayyace: injin famfo, kan famfo, ruwan famfo.

5.3 Faɗaɗa Ma'ana

Akan ɗauki tsohuwar kalma a ɗora mata sabon aiki saboda kama. Mesa sunan macijiya ce, amma ta zama sunan doguwar robar jan ruwa. Tukunya ta bar murhu ta zama ta jirgin ƙasa, yanzu kuma ta ɗumama ruwa. Ƙofa ta bar ɗaki ta koma bakin hanyar ruwa.

5.4 Ƙirƙira

Hausa tana da ɗafa-goshin ma- mai samar da sunan wuri ko na kayan aiki daga aikatau. Daga datse aka sami madatsa, daga gudana aka sami magudana, daga zurara aka sami mazurari, daga haɗa aka sami mahaɗa. Akwai kuma harɗaɗɗun kalmomi na aikatau da suna, irin su hana-salla da dafa-duka da fasa-ƙwauri. Da waɗannan ƙirori biyu ana iya raba kalmar bawul, wadda ita kaɗai ba ta faɗin aikin abin. Ga shawarar da wannan babi ya kawo:

makulli: mai buɗe ruwa ko rufe shi gaba ɗaya, don gyara;
madaidaici: mai ƙara kwarara ko rage ta da ma'auni;
hana-koma: mai barin ruwa ya wuce gaba, ya hana shi dawowa;
rage-matsi: mai sassauta matsin ruwan da ke shigowa;
fidda-matsi: mai zubar da ruwa idan matsi ya wuce kima;
fidda-iska: mai sakin iskar da ta maƙale.

A lura da rage-matsi da fidda-matsi. Kalmomin sun yi kama, amma na farko ba ya zubar da ruwa, na biyu kuwa zubarwar ita ce aikinsa. Wanda bai san aikinsu ba zai ba su suna ɗaya.

6.0 Jagora ga Malami

Kafin malami ya koyar da wata kalma ta wannan fage, ya auna ta da tambayoyi huɗu. Shin masu sana'ar suna da kalmar da suka riga suka saba da ita? Shin kalmar tana nuna aikin abin? Shin ta dace da tsarin sauti da ƙirar Hausa? Shin za a iya rikita ta da wata? Idan masu gyaran famfo da manoma sun zauna a kan wata kalma, ba hikima ba ce a kore ta don kawai ta aro ce. Ƙirƙira tana da amfani ne a inda aro ya dunƙule abubuwan da ya kamata a raba.

Haka kuma malami ya kula da karin harshe. A Zamfarci, kamar sauran karorin yamma, za a ji hwadama da ƙohwa a maimakon fadama da ƙofa. Malami ya karɓi furucin yara ba tare da ya kushe shi ba, amma ya nuna musu yadda ake rubutawa a daidaitacciyar Hausa.

Kayan koyarwa ba su da tsada. A sami gorar roba a huda ta wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, a cika ta da ruwa. Yara za su ga tsartuwar hudar ƙasa ta fi ƙarfi, su gane matsi da idonsu kafin a rubuta kalmar a allo. A sami tiyo da bokiti biyu a gwada gudu da kwarara. Inda hali ya yi, a gayyato mai gyaran famfo ko manomin rani ya zo aji da kayansa, yara su rubuta sunayen da ya faɗa.

7.0 Kammalawa

A wannan babi an bambanta matsi da gudu da kwarara, an kuma nuna yadda suke aiki idan aka ɗora sabon shiri a kan tsoho, a gida ko a filin ban ruwa irin na Bakolori. An ga cewa Hausa tana samar da kalmomin wannan fage ta gado da aro da faɗaɗa ma'ana da ƙirƙira. An kuma ga cewa zaɓen kalma yana biyo bayan sanin aikin abin da ake son a ambata, kamar yadda misalin yoyo da fidda-matsi ya nuna. A babi na gaba za a gwada waɗannan hanyoyi a fagen kiwon lafiya.

8.0 Tambayoyi

1. Bambanta matsi da kwarara, tare da misali daga gida.
2. Tanki biyu suna tsayi ɗaya, ɗaya ya ninka ɗaya girma. Wanne ya fi matsi? Kawo dalili.
3. Me ya sa kalmar yoyo ba ta dace da ɗigar fidda-matsi ba?
4. Kawo kalmomi biyar masu ɗafa-goshin ma- da suka shafi ruwa, ka nuna aikatau ɗin da kowace ta fito.
5. Yi bayanin bambancin ban ruwa na feshi da na gangara a cikin sakin layi ɗaya.

Jinga: Ziyarci mai gyaran famfo ko manomin rani a garinku, ka tattaro kalmomi 20 na sana'arsa, ka kasa su gida huɗu bisa hanyoyin da aka kawo a 5.0.